Yadda ake gyara kwamfutar Linux da ta ƙi tashi saboda rikicin adireshin ram

A shagon gyaran da nake aiki a Yamai, kusa da kasuwar Katako, da wuya wata ya wuce ba a kawo mana kwamfutar da ta tsaya cik a bakin tashi ba. An kunna ta, jerin zaɓin GRUB, manhajar da take tayar da Linux, ya fito, an danna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko kuma ya zubo rubutu ya daskare. Abin da mai ita yakan faɗa tun daga bakin ƙofa shi ne a yi mata formate, wato a goge diski kaf, kuma masu gyara da yawa sukan biye masa, a share aikin shekaru, a sake zuba manhaja, sannan ciwon ya dawo yadda yake, domin tun asali ba a kan diski yake ba. Wannan asarar tana yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa na tsara hanyar da nake bi idan na yi zargin cewa rikicin yana tsakanin kanel, wato zuciyar babbar manhajar Linux, da adireshin ram, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita.

Kowane bayit a cikin ram yana da lambarsa, kamar yadda kowane fili yake da lamba a takardar rabon filaye ta sabuwar unguwa. Kanel ba ya zagayawa ya ƙirga ram da kansa a lokacin tashi. BIOS ne, wato ƙaramar manhajar da take fara tashi idan an kunna na'ura, ko magajinsa UEFI a sababbin na'urori, yake miƙa masa taswira wadda a kwamfutocin Intel da AMD ake kira E820, tana cewa daga lamba kaza zuwa kaza fili ne da za a iya zama, daga kaza zuwa kaza an keɓe wa katin hoto da sauran kayan da ke jikin kartamer, wato babban allon cikin na'ura da komai yake haɗe a kai. Idan takardar ta nuna fili a inda rijiya take, wanda ya yarda da ita ya aza tubali zai rufta. Saboda haka masu laifi uku ne kawai ake tuhuma: furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi ta kwamfuta, idan ba ta iya irin ƙidayar da kanel yake nema ba, ko baret, wato sandar ram da ake cusawa a kartamer, idan wani yanki nasa ya lalace, ko taswirar da BIOS ya bayar. Dukan aikin shi ne a gano wanne ne daga cikinsu, kuma ba a gane shi sai an canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, an rubuta sakamakon a takarda.

Mataki na farko: a sa kwamfutar ta faɗi abin da ke damunta

Da zarar an kunna, a riƙe maɓallin Shift idan na'urar mai tsohon BIOS ce, ko a riƙa taɓa Esc idan mai UEFI ce, har jerin GRUB ya bayyana. A tsaya a kan layin farko a danna harafin e. Za a ga layin da ya fara da kalmar linux, wanda a ƙarshensa yawanci akwai quiet splash. Waɗannan kalmomi biyu su ne suke rufe bakin kanel su ɗora hoton ado a kai, don haka a goge su, a rubuta ignore_loglevel a madadinsu. Idan allo yana yin baƙi tun kafin harafi ɗaya ya fito, a ƙara earlyprintk=vga a tsohon BIOS, ko earlycon=efifb a UEFI. Sannan a danna F10, ko Ctrl tare da x. Duk abin da aka rubuta a nan na tashi ɗaya ne, ba ya zama a cikin na'urar, saboda haka babu abin tsoro a gwaji.

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu musamman a Nijar. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa daga Faransa da Beljiyam kilabiyensu, wato allon maɓallan rubutu, na tsarin Faransanci ne, AZERTY, amma GRUB yana ɗaukar kowane kilabiye a matsayin na Amurka. Na taɓa kallon yaron shagonmu yana fama da kalmar mem har sau uku, duk inda ya danna m sai wata alama ta fito, har ya juyo ya ce, "Maigida, kilabiyen ma ya mutu." Lafiyarsa lau. A kilabiyen Faransa, a cikin GRUB, harafin m yana kan maɓallin waƙafi da ke dama da n, harafin a yana kan q, lambobi suna fitowa ba tare da Shift ba, alamar $ tana kan Shift da 4, alamar \ tana kan maɓallin da ke ɗauke da * da µ kusa da Entrée, alamar _ kuwa tana kan Shift da maɓallin da ke dama da sifili. Alamar = kaɗai ce take nan inda aka saba ganinta. A karanta layin harafi bayan harafi kafin a danna F10, domin kanel ba ya tsayawa a kan kalmar da bai sani ba, wucewa kawai yake yi, mai gyara kuma ya ɗauka maganin bai yi aiki ba.

Idan rubutu ya zubo ya tsaya, a ɗauki hoton allon da salula. Layukan ƙarshe su ne shaida.

Mataki na biyu: a sallami furosesa ko a kama ta

Wannan shi ne mafi sauƙi, domin kanel yana faɗar laifin a fili. Idan allo ya nuna "This kernel requires an x86-64 CPU, but only detected an i686 CPU", an zuba manhaja mai bit 64 ne a kan furosesa mai bit 32, kuma babu kalmar da za a rubuta ta gyara wannan, sai dai a nemo manhaja mai bit 32.

Idan kuwa saƙon ya ce akwai abin da kanel yake bukata wanda furosesa ba ta da shi, ya ambaci pae, to akwai magana. Furosesa mai bit 32 tana iya ƙirga adireshi 4,294,967,296 ne kawai, wato jigabayit 4, ko jiga 4 a taƙaice. A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fito da dabarar PAE a cikin Pentium Pro, wadda ta faɗaɗa adireshin zuwa bit 36, wato jiga 64. Sai dai yawancin furosesocin Pentium M da Celeron M, waɗanda suka fara fitowa daga 2003 kuma har yau ana samun su a tsofaffin kwamfutocin hannu a makarantu da wuraren buga takardu, suna iya PAE amma ba sa shelanta cewa sun iya. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta daina fitar da kanel marar PAE tun fitowar 12.10, shi ya sa waɗannan na'urori suke tsayawa. Maganin shi ne kalmar forcepae, wadda ta shiga kanel a fitowa ta 3.15 a 2014. A ƙara ta a ƙarshen layin linux. Idan daga kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, ake tayar da Lubuntu ko Xubuntu mai bit 32 don a zuba, a rubuta ta sau biyu, kafin alamar -- da kuma bayanta, domin ta biyun ce take bin manhajar zuwa kan diski. A ganina ma abin da ya fi dacewa da irin wannan na'ura shi ne Debian 12, wadda ta fito a 2023 tana ɗauke da kanel mai suna linux-image-686 da ba ya neman PAE ko kaɗan. Debian 13 ta 2025 ta daina fitar da kanel mai bit 32, don haka kada a ɓata megabayit wajen sauke ta saboda wannan aiki.

Mataki na uku: a auna da mem=

Idan furosesa ta fita daga zargi, alamomin da suka rage sukan zama irin su "BUG: unable to handle page fault for address", ko "Kernel panic - not syncing", ko "Initramfs unpacking failed", ko kuma kwamfutar ta sake kunna kanta ba tare da ta ce komai ba. A nan ne kalmar mem= take da amfani. Tana hana kanel taɓa duk adireshin da ya wuce iyakar da aka sa masa. A fara da mem=1G. Idan na'urar ta tashi, an riga an san abubuwa biyu masu muhimmanci: diski da manhaja lafiyarsu ƙalau, kuma matsalar tana sama da jiga ɗaya. Kafin a ci gaba da komai, a kwashe takardun mai ita zuwa wani diski tun da ƙofa ta buɗe. Sannan a sake tayarwa da mem=2G, sai mem=3G, har a kai inda za ta faɗi, a dawo a raba tazarar biyu da irin su mem=1536M.

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini ƙaramar kwamfutar hannu mai jiga 4 a ƙarshen hunturu, darussansa na shekara uku suna ciki, an riga an gaya masa a wani wuri cewa sai formate. Na ce masa, "Malam, ka ba ni zuwa la'asar kafin a taɓa diskin." Da mem=1G ta tashi sumul, da mem=1536M ta tashi, da mem=2G ta faɗi da saƙo iri ɗaya sau uku a jere. Ke nan ɓarnar tana tsakanin jiga ɗaya da rabi da jiga biyu.

Ina jan kunnen abokan sana'a a kan wani hali da na sha gani, wato a bar mem=1G a haka a miƙa wa mutum na'urarsa a karɓi kuɗi. Wannan kalma ma'auni ce. Wanda ya bar ta ya yanke wa mai kwamfuta mai jiga 4 kashi uku cikin huɗu na ram ɗin da ya saya da kuɗinsa ba tare da ya sani ba, kuma wannan cin amana ne.

Mataki na huɗu: a duba baret da hannu, sannan da Memtest86+

A kashe na'urar, a zare waya da batir, a taɓa wani ƙarfe don a sauke wutar da jiki yake tarawa, wadda take yawa a lokacin sanyi da iska ta bushe. A buɗe murfin, a ture ƴan ƙarafan da ke riƙe da baret ɗin gefe da gefe, zai ɗago da kansa. Ƙurar hunturu ta Yamai laushi gare ta kamar garin ɗaka, tana shiga har cikin ramin baret, kuma idan zafin watan Afrilu da Mayu ya haura digiri 40 ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa har baret ya ɗan saki. A goge haƙoransa masu ruwan zinariya da magogin fensir mai laushi, a share da busasshen ƙyalle, a hure ramin da famfon iska, kada a hura da baki saboda danshi. A mayar da shi har a ji ya yi ƙas. Sau da dama aikin yana ƙarewa a nan.

A kuma karanta takardar da ke manne a jikinsa. DDR3 yana aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35, kuma akwai na'urorin da ba sa karɓar na farkon. Baret biyu da aka tsinto daga kwamfutoci daban daban suna iya tashi tare yau su ƙi gobe. Idan biyu ne a ciki, a gwada kowanne shi kaɗai, a kowane rami, domin idan suna aiki tare kartamer tana saƙa adireshinsu cikin juna, lambar kuskure ba za ta nuna wanne ne mai laifi ba.

Bayan haka a tayar da Memtest86+, manhajar gwada lafiyar ram, daga jerin GRUB ko daga kile. Fitowa ta 6 da ta zo a 2022 ita ce ta fara aiki a kan UEFI, kuma yawanci sai an kashe Secure Boot, tsaron UEFI da ke hana manhajar da ba a tantance ba tashi, na ɗan lokaci kafin ta yarda ta tashi. A bar ta ta yi zagaye huɗu aƙalla, a jona na'urar da batir mai kyau ko ondiler, wato na'urar ajiye wuta, saboda ɗaukewar wuta, kuma a fi so gwajin ya ratsa tsakar rana, domin akwai baret da ba ya nuna halinsa sai ya ji zafi. Jan layi ko guda ɗaya ya isa hujja. Idan baret ɗin mai ciruwa ne, a canza shi, wannan shi ne gyara na gaskiya.

Mataki na biyar: a killace wurin da ya lalace da memmap=

Kwamfutar malamin nan ram ɗinta an like shi ne da dalma a jikin kartamer, babu abin da za a zare. Memtest86+ ta nuna kurakurai a tattare wuri ɗaya, a kewayen adireshi 0x7A3C5F10. Don a iya karanta irin wannan lamba, a riƙe cewa 0x40000000 jiga ɗaya ne, 0x80000000 jiga biyu, 0xC0000000 jiga uku, 0x100000000 jiga huɗu. Lambar tamu tana ƙasa kaɗan da jiga biyu, daidai inda gwajin mem= ya nuna. Idan shaidu biyu suka haɗu haka, hankali yana kwanciya.

Kanel yana raba ram shafi shafi, kowanne kilobayit 4, amma ba na killace shafi ɗaya kawai, domin ɓarna takan yaɗu zuwa maƙwabta. Nakan mayar da lambobi biyar na ƙarshe sifili, in keɓe megabayit ɗaya cur. A cikin GRUB ana rubuta shi haka:

memmap=1M\$0x7A300000

Ma'anarsa ita ce daga 0x7A300000 zuwa 0x7A3FFFFF an keɓe, kada kanel ya ajiye komai a wurin. Alamar \ da ke gaban $ wajibi ce. Idan aka manta da ita, GRUB zai ɗauki $ a matsayin farkon sunan wani abu nasa ya haɗiye ta, kanel kuma ya fahimci cewa an ce ya yi aiki da megabayit ɗaya kacal, sai na'urar ta mutu tun kafin ta yi motsi. A cire mem= gaba ɗaya a wannan gwajin. Ta malamin ta tashi da ram ɗinta duka in ban da wannan megabayit ɗaya.

Wannan dabara tana da iyaka. Idan kurakuran sun warwatsu ko'ina, ko kuma suna sauya wuri daga zagaye zuwa zagaye, killacewa ba za ta yi ba, domin ciwon yana kan kartamer ko wutar da ke ciyar da ram. Haka kuma GRUB kansa bai san da memmap= ba, yana iya sauke kanel a kan wurin da ya lalace idan wurin yana ƙasa sosai. Don irin wannan akwai layin GRUB_BADRAM, wanda Memtest86+ take iya fitar da lambobinsa idan an zaɓi hakan ta maɓallin F1, sai dai GRUB ba ya karɓarsa muddin Secure Boot yana kunne.

Mataki na shida: idan ram lafiya lau ne, a tuhumi taswira

Idan Memtest86+ ta yi zagayenta babu ja, amma mem= yana sa na'urar ta tashi, saura BIOS. A shiga cikinsa a mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Idan kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, ƙaramin batirin CR2032 ya mutu, a canza shi tukuna. A nemi zaɓin Memory Remap a kunna shi, domin shi ne yake ɗauke ram ɗin da kayan kartamer suka zauna a kan adireshinsa a ƙasa da jiga 4 ya mayar da shi sama. A sababbin na'urori masu babban katin hoto a gwada sauya Above 4G Decoding. Ana iya ganin taswirar da ido: a cikin GRUB a danna c a rubuta lsmmap, ko bayan an tashi a rubuta sudo dmesg | grep -i e820, a duba layukan usable da reserved. Na'urorin da ke kan cifset ɗin Intel 945, wato kayan kartamer da ke haɗa furosesa da ram, ba sa wuce jiga 3 da ɗan ɗori ko da an sa musu 4 da manhaja mai bit 64. Haka aka ƙera su, kada a wahalar da kai.

Daga nan a gwada waɗannan kalmomi, ɗaya bayan ɗaya. Kalmar nokaslr tana hana kanel zaɓar wurin zama na kan mai uwa da wabi, dabarar tsaro da aka kunna wa kowa tun fitowa ta 4.12 a 2017, kuma ita ce abin fara gwadawa idan na'ura tana tashi sau biyu ta ƙi sau ɗaya. Idan rubutun ya tsaya a kan layukan pci, a gwada pci=nocrs, sannan pci=nommconf, sannan pci=realloc. Idan ana ganin DMAR ko AMD-Vi a layukan ƙarshe, a gwada intel_iommu=off ko amd_iommu=off, ko iommu=soft. Duk wadda ta yi aiki a cikinsu alama ce cewa BIOS ɗin yana iya bukatar sabuntawa daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma ba a yin wannan sabuntawa sai da cikakken batir da ondiler, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarta tana kashe kartamer.

Wani lokaci GRUB ne da kansa yake cewa "error: out of memory" tun kafin kanel ya karɓi aiki. Yawanci fayil ɗin initrd, ƙunshin da ake ɗora wa kanel don ya fara tashi, ne ya yi ƙiba. A tashi da tsohon kanel daga zaɓi na biyu na jerin, a buɗe /etc/initramfs-tools/initramfs.conf, a mayar da MODULES=most zuwa MODULES=dep, a rubuta sudo update-initramfs -u -k all.

Mataki na bakwai: a tabbatar da gyaran

Sai an tayar da na'urar sau biyar ko fiye da kalmar da ta yi aiki, da sanyin safiya da kuma zafin rana, kafin a rubuta ta dindindin. A buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/default/grub, a nemi layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, a ƙara kalmar a cikin alamun zance. Ga memmap= kuwa, alamar \ uku ake sawa a nan, domin layin yana ratsa hannu biyu kafin ya isa ga kanel, kowane hannu yana cire nasa:

GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT="quiet splash memmap=1M\\\$0x7A300000"

A adana, a rubuta sudo update-grub a Debian, Ubuntu da Mint. Kafin a kashe, a leƙa /boot/grub/grub.cfg a tabbata cewa \ guda ɗaya ce ta rage a gaban $. Bayan an sake tashi, cat /proc/cmdline ya nuna kalmar da $ ɗinta ba tare da \ ba, sudo cat /proc/iomem ya nuna yankin a matsayin Reserved, free -h kuma ya nuna adadin ram kusa da wanda aka saya.

Lambar da aka killace ta wannan na'ura ce da wannan jerin baret kaɗai. Ranar da aka ƙara baret, ko aka sauya masa rami, ko aka sabunta BIOS, adireshin yana iya gusawa, sai an sake gwajin Memtest86+ an fitar da sabuwar lamba. Haka nan duk wanda ya sake zuba manhaja zai share layin. Saboda haka na rubuta shi a ƴar takarda na manna a ƙarƙashin kwamfutar malamin, na kuma ce masa ya dawo da ita bayan wata uku mu sake aunawa mu ga ko ɓarnar ta tsaya a inda take.